Iskar da Na Ƙi Ragewa

Na haura shekara ashirin ina tuƙi a ƙasar Kazaure kafin a kawo mana motar da ke kai ƙarar direbanta. Har yau idan na tuna yadda na washe baki ranar da aka miƙo mini makullinta, kamar wanda aka ba kujerar Makka, sai in ji haushin kaina.

Aikin da na fi daɗewa a kai shi ne na wata ƙungiya mai gyaran famfunan tuƙa-tuƙa a ƙauyuka. Ofishinmu yana Kazaure, mu kuma kullum muna hanya, daga Roni zuwa Gwiwa, daga 'Yankwashi har Babura. Ba ma haƙa sabuwar rijiya. Wadda aka haƙa ta lalace muke bi, a zare tsofaffin bututai, a zura sababbi, a gyara dakalin siminti, mu sha ruwan farko mu kama gabanmu. Nawa a ciki shi ne in kai mutane da kaya, in dawo da su lafiya.

Kowace hanya da halinta. Ta Roni duwatsu ne, tana cin taya amma ba ta riƙe mota. Ta wajen Babura kuwa rairayi ne, idan bazara ta yi sai ya bushe ya yi laushi kamar garin tuwo, duk wanda ya shige shi da taya cike tam to ya shirya tono. Abin da muka koya a wurin waɗanda suka riga mu riƙe sitiyari shi ne, da ka sauka daga kwalta ka tsaya, ka durƙusa, ka danna bakin bawul da tsinken ashana ka rage iska. Taya ta saki ciki ta baje, sai ta riƙa taka rairayin tana wucewa maimakon ta yanka shi ta nutse. Ni ban taɓa yin wannan da geji ba. Istigfari nake ƙirgawa yayin da iskar ke fita, na baya su fi na gaba yawa, sannan in dafa tafin hannu a gefen tayar in ji yadda ta kwanta. Wani injiniya mai taurin kai ya taɓa bin bayana da geji don ya kama ni, ya tarar tayoyin sun yi kai ɗaya, ya mayar da gejinsa aljihu. In mun dawo kwalta sai in lallaɓa a hankali har wurin mai faci a Babura ya mayar mini da iskata.

Yanzu bari in faɗi wadda duk maganar nan take kanta. Adda yayata ce, haka muke kiran babbar ya a gidanmu. Ita ta goye ni bayan rasuwar mahaifiyarmu, ita ta yi mini wankan makaranta, ita kuma ta fi kowa dukana. Aure ya kai ta wani ƙauye can bayan Kanya Babba, kusa da iyaka, inda kake jin ana cinikin akuya da sefa. Maigidanta ya rasu, 'ya'yanta maza sun yi kudu da shanu, ta zauna da surukanta mata da jikoki. Famfon garin ya lalace tun shekarun baya. Rijiyar da suke ɗiba tana wani gari daban, tafiya ce mai cin hantsi guda, ga zurfi har sai an ɗaura wa sa igiyar guga. Gwiwoyin Adda sun daɗe da gajiya. Ba ta iya ɗaukar cikakkiyar jarka, sai ta ɗauko rabi, ta huta, ta koma ta ɗauko rabin. An hana ta ta ƙi hanuwa, wai ba za ta zauna 'ya'yan mutane suna shayar da ita kamar jaririya ba.

Ban taɓa roƙon kowa komai a ofishin nan ba sai a kan famfon garinsu. Shekara biyu ina bi, ina gaida wanda ya kamata da wanda bai kamata ba, har aka sa sunan garin a jerin waɗanda za a gyara. Ranar da na ga sunan a kan allo na aika wa Adda cewa kafin damina ta faɗi za ta sha ruwa a ƙofar gida. Da na san abin da ke tafe da na yi shiru.

A tsakanin nan ne aka kawo sababbin motoci guda biyu. Kori-kura ne irin manyan nan, farare, masu ƙofa huɗu. Wadda aka ba ni, ka loda mata bututai da siminti da ƙarafan ɗaga kaya ba ta ko nishi. Saboda nauyin da aka ƙera ta don ɗauka, tayoyinta na baya sai an ɗura musu iska har tamanin a geji, su yi tauri kamar dutsen niƙa. A kan kwalta babu kamarta, wannan ba zan hana ta ba. A cikin kowace taya kuma an dasa wani ɗan abu mai girman babban yatsa, suna ce masa sensa, aikinsa ya riƙa jin yawan iskar. Da ta ragu sai wata fitila ruwan ɗorawa ta kama a gaban sitiyari, tana ƙara ɗil-ɗil. Da a nan abin ya tsaya da sauƙi. Akwai kuma wani akwati a ƙarƙashin kujera da ke tura labari babban ofis, inda kake, da gudun da kake yi, da ko fitilar ta kama.

A makon farko muka nufi wani ƙauye a arewa da Babura. Na sauka daga kwalta, na durƙusa, na yi abin da na saba. Ina tayar da mota fitila ta kama ihu. Injiniyan da muke aiki tare, wani matashi ɗan Roni mai sanyin hali, ya dube ni ya ce, "Baba, lafiya kuwa?"

Na ce, "Ƙyale ta, ita ma za ta gaji ta yi shiru."

Muka je muka yi aikinmu muka dawo, ko sau ɗaya ba mu kafe ba. Bayan kwana uku jami'in sufuri ya kira ni ofishinsa. Mutum ne mai ladabi, na girme shi nesa ba kusa ba, har miƙewa ya yi ya ba ni kujera kafin ya turo mini takarda.

"Baba, an ce ka yi tafiyar awa uku da taya babu iska."

"Da iska, Yallaɓai. Ragewa na yi. Rairayi ne."

"Na sani. Ni ma a ƙauye na tashi. Amma takardar ba daga nan ta fito ba, daga can sama take."

Ya yi mini bayani cewa a wata jiha wata motar ƙungiyar ta taɓa fashewar taya a kan kwalta, da kaya niƙi-niƙi, saboda direban yana ta gudu da taya mai ƙarancin iska, mutane suka ji ciwo. Tun daga nan aka kafa doka: gargaɗi uku, direba ya ajiye makulli. Na ce wancan direban sakarai ne, kuma gaskiyarsu ce su ji tsoro, amma kwalta daban rairayi daban. Ya ce a takardar da ake cikewa babu gurbin rubuta rairayi. Na sa hannu na fito ina huci, na je na zauna a gindin dalbejiyar ofis har raina ya sauka.

Karo na biyu na yi dabara, ko kuma na ɗauka dabara na yi. Kafin in taɓa bawul na buga wa jami'in waya na gaya masa inda muke da abin da zan yi. Ya ce, "To Baba, ka yi abin da ka ga ya dace." Na yi. Takarda ta biyu ta zo a kan lokacinta, don akwatin ba ya sauraron waya. Da na tuna masa maganarmu sai ya sunkuyar da kai ya ce ya rubuta bayani ya tura, ba a ba shi amsa ba. Na yarda ya tura ɗin, ba maƙaryaci ba ne. Na ce masa wani bakanike a Kano ya tabbatar mini ana iya jona kwamfuta a gaya wa motar ta daina kuka sai iskar ta yi ƙasa sosai, aikin minti kaɗan ne. Ya ce duk wanda ya taɓa ƙwaƙwalwar motar ya zubar da garantin kamfani, kuma ba shi da ikon ba da wannan izini, na samansa ma ba shi da shi.

Direban ɗaya motar, abokin aikina ɗan Gwiwa, ya fi ni wayo. Shi ya je wurin mai faci suka kwance tayoyin, suka ciro sensa ɗin duka huɗu, suka zuba su cikin tayar safaya, suka ɗura mata iska tam. Sai ya riƙa rage iskarsa yadda yake so, fitila tana barci. Wata biyu yana yi mini dariya, yana cewa tsufa ya hana ni tunani. Ashe a babban ofis akwai wanda ya lura cewa tayoyinsa ba sa motsi. Tayar da ke tafiya a rana iskarta hawa take yi in ta ɗau zafi, ta sauka in ta huce, nasa kuwa huɗun a lamba ɗaya suke tafiya kamar 'yan biyu. Aka zo aka buɗe safaya. Ko gargaɗi ba a yi masa ba, ranar ya ajiye makulli. Daga baya na gan shi a tashar Kazaure yana zaune a kan benci tun safe, yana jiran ko wani direban bas zai yi rashin lafiya a ba shi lodi ɗaya. Ya ɗaga mini hannu na ɗaga masa, ban iya tsayawa ba.

Ba zan ɓoye ba, ganinsa ya shige ni. Furfura ta riga ta cika mini gemu, ina da iyali, kuma na san babu mai ɗaukar tsohon direba aiki alhali ga samari suna layi. Gargaɗi biyu ne a kaina. A haka ranar garin su Adda ta zo.

Tsakiyar bazara ce. Mun yi lodi tun da safe, sababbin bututai, kan famfo, buhunan siminti, ƙarafan ɗaga kaya, ga masu aiki biyu a kujerar baya. Injiniya yana gefena. Ya san garin yayata ne, duk ofis an sani, har yana zolayata wai yau zai ci kazar da ba a taɓa yanka masa irinta ba. Muka wuce Kanya Babba, muka iso inda ake sauka daga kwalta. Ƙafata da kanta ta saki totur ta nemi birki, haka ta saba. Kwalin ashana yana aljihun gaban rigata, ina jin kusurwarsa a ƙirjina.

Ban tsaya ba. Na ce wa kaina motar tana da ƙarfi, ba irin tsofaffin da na saba da su ba ce. Na sa oksilari, wato giyar da ke sa ƙafafun huɗu su ja tare, na ba ta wuta. Na ce idan na riƙe gudu ban saki ba za ta ratsa. Ni da na koya wa direbobi da yawa cewa ƙarfin inji ba ya maganin rairayi, ni ne na zauna ina yi wa kaina wannan ƙarya. Injiniya ya kalle ni ta gefen ido.

Mun ratsa wuri na farko da ƙyar. Na biyu motar tana ta wutsil-wutsil da baya amma ta fita. Na uku wani kwari ne mai faɗi, rairayi zalla, daga bakinsa kana hango kukokin garin da rufin masallaci. Mun ci kamar sulusinsa sai na ji sitiyari ya yi nauyi, injin yana gurnani, motar tana tafiya ƙasa maimakon gaba. Kafin in ɗauke ƙafa ta zauna a kan cikinta.

Muka fito muka zagaya ta. Ko a lokacin ba a makara ba, wannan shi ne abin da ya fi ci mini rai. Da na tone gaban tayoyin kaɗan, na rage musu iska, na shimfiɗa 'yan rassan sabara, da ta tashi ta wuce. Na yi hakan ya fi a ƙirga. Injiniya ya matso kusa da ni yadda masu aiki ba za su ji ba.

"Baba, in ka ɗan rage fa?"

"Za ka rubuta cewa kai ka ba ni umarni, ka sa hannu?"

Ya koma kallon takalminsa. Shi ma bai daɗe da samun aikin ba, matarsa tana da tsohon ciki. Na san ba zai iya ba tun kafin in tambaya, don haka ma na tambaya. So nake laifin ya zama namu mu biyu.

Ba a jima ba mutanen gari suka hango mu suka fito, da fatanya da shebur, mai gari yana gaba da sandarsa. Suka yi ta tono a cikin ranar nan mai ƙona ƙafa. Ana tonewa ina ba ta wuta, tayoyin masu tauri suna sake haƙa wa kansu rami. Wani dattijo da ya taɓa yin yaron mota a ƙuruciyarsa ya ce, "Malam direba, da can ai iska ake ragewa." Na ce masa wannan motar zamani ce, ba a taɓa mata taya. Ya gyaɗa kai ya ce Allah Sarki, zamani. Ya yarda da ni, don ni ne mai makulli.

Aka kawo bijimai huɗu aka ɗaura igiya. Gaba ya fi nisa, rairayin can ma ya fi zurfi, don haka baya suka ja mu. Wajen la'asar motar ta fito, tana fuskantar garin amma a inda muka faro.

Mai gari ya ce to ai abin ya zo da sauƙi, ga amalanke nan, a sauke kayan a ɗora, kafin magariba suna bakin famfo. Ni ma zuciyata ta yi tsalle da na ji haka. Injiniya ya buga waya ofis, ya koma gefe ya daɗe yana magana, ya dawo fuskarsa babu annuri. Ya durƙusa ya ce, "Ranka ya daɗe, ba a yarda ba. Doka ce sai akwatin motar ya nuna ta isa bakin rijiyar kafin a sauke kaya. In an sauke a wani wuri, a takarda kamar an karkatar da su ne."

Mai gari ya dubi kukokin garinsa, ya dubi motar. Ya ce, "Daga nan zuwa can ɗin?"

"Daga nan zuwa can, ranka ya daɗe."

"To idan muka gyara hanyar, za ku dawo?"

Injiniya ya ce, "In Allah ya yarda."

Sai ga Adda. Tafiyar da yaro zai yi a guje ita ta ɗauke ta lokaci mai tsawo, tana dogara kara, wata jikarta tana biye da ƙwaryar fura a ka. Ta gaida mai gari, ta gaida injiniya ta sa masa albarka, sannan ta zo ta tsaya a gabana tana duban rigata da ta jiƙe sharkaf.

"Auta, dubi yadda ka koma. Zauna ka sha."

"Adda, ba mu samu shiga ba."

"Na gani ai, da idona. Ka yi iya yinka. Hanyar nan tamu ko jaki tsoronta yake."

Na karɓi ludayi na sha furar. Da Adda ta zage ni kamar yadda take yi ina yaro da na fi samun sauƙi.

Rahoton da aka rubuta gajere ne: hanya ba ta shiguwa da mota. A cikin mako guda aka cire sunan garin aka sa wani da ke bakin kwalta, ni na kai kayan da hannuna, aka ɗaura musu famfon da aka saya don garin su Adda. Matan can suka yi ta guɗa. Su ma mabuƙata ne, ban ce ba su cancanta ba. A ƙarshen watan jami'in sufuri ya gaya mini a gaban mutane cewa babban ofis ya yaba da ni, wata guda cur fitilata ba ta kama ba.

Na yi kwanaki abinci ba ya yi mini daɗi. Matata ta tambaye ni har ta gaji. Ran nan dai na shiga ofishin jami'in ban ko yi sallama da kyau ba, na ce masa rahoton nan ƙarya ne, hanya tana shiguwa, ni na ƙi rage iska don tsoron takarda ta uku. Na ce a ba ni kaya gobe in kai, in rage iskata, fitila ta yi ta ihu har ta mutu, in na dawo ga makullinsu. Na faɗa da ƙarfi har na waje suna leƙowa. Jarumtar da ta ƙi zo mini a bakin kwari ita ce ta zo mini a ofis mai fanka.

Ya bari na gama. Sannan ya ce, "Baba, zauna." Ya ce kayan wannan zango sun ƙare, an rufe lissafin ƙauyukan Babura, daga sabuwar shekara aikin zai koma wani yanki daban. Ya ce ko da za a dawo, garin da aka rubuta wa ba ya shiguwa ba ya sake hawa jeri sai an turo masu duba hanya daga sama, kuma shi tun da ya fara aiki bai taɓa ganin an turo su ba. Ya ce in riƙe makullina, ajiye shi ba zai kai wa kowa ruwa ba. Na riƙe. Har yau da nake wannan rubutu ina tuƙa motar, ina kuma bin dokarta sau da ƙafa.

Damina ta zo ta wuce, suka samu sauƙin ruwan tafki na 'yan watanni. Ban je garin ba. Na riƙa aika gaisuwa da ɗan abin da ya samu ta hannun masu zuwa kasuwar Babura, ina cewa aiki ya yi yawa. Bayan an gama girbi sai wani ɗan garinsu ya same ni a Kazaure da saƙon mai gari: a gaya wa ofis sun fara aikin hanya, sun kusa rabi. Ya ce gayya aka kira, har da mutanen rugagen da ke kewaye. Ya kamata a ranar in hau babur in je in ce su dakata. Na ce masa madalla, Allah ya taimaka, na ba shi kuɗin mota ya tafi. Kullum sai in ce gobe zan je, har aka aiko cewa an gama.

Ranar wata Juma'a na hau bas zuwa Kanya Babba, daga nan na ɗauki ɗan acaɓa. Da muka iso bakin kwarin na ce ya tsaya, na sauka. Tun daga inda muka kafe har cikin gari sun shimfiɗa karan dawa da na gero, dami a kan dami, sun danne da kaba, sun bi samansa da jar marmara a layi biyu daidai faɗin ƙafafun mota. A yankin nan babu marmara, daga nesa suka yi ta jigilarta da amalanke. Karan kuwa shi ne abincin dabbobinsu na rani, shi ne dangar gidajensu. Na lura gidaje da yawa a bakin gari ba a sabunta musu danga ba a shekarar. Ɗan acaɓan ya ce shi dai sun gyara masa, da can sai ya sauke fasinja ya tura.

Na taka da ƙafa har gari. Aikin ya yi kyau, ba zan rage musu komai ba. Ko da taya cike tam motata za ta bi ta wuce kamar a kwalta. Na wuce ta gaban famfon, hannunsa yana nan a sama yadda ya tsaya tun shekarun baya, an share kewayensa tas an jera duwatsu.

Na tarar da Adda a tsakar gida tana zaune a kan tabarma, ta miƙe ƙafafu, gwiwoyin sun kumbura sun fi yadda na san su. Surukarta ta ce sai da aka yi da gaske kafin ta bar zuwa wurin gayyar, kullum sai ta ja damin kara ɗaya ta kai. Adda ta ce ƙarya ake yi mata, wani lokacin biyu take kaiwa. Muka gaisa, ta tambayi yara ɗaya bayan ɗaya, ta yi mini faɗan daɗewa ban zo ba. Na zo da niyyar in gaya mata komai, tun daga Kazaure nake shirya maganar a bakina.

"Ka biyo ta kan hanyar?" in ji ta.

"Na biyo."

"Ka duba da kyau? Kai ne ka san mota."

"Na duba, Adda."

"Yanzu dai za ta wuce ko?"

"Za ta wuce."

Ta yi ajiyar zuciya ta jingina da bango. "To alhamdu lillahi. Ka gaya musu kada su daɗe, Auta. Awaki sun fara zare karan, yara suna ta kora amma ba sa ji."

Na ce to, zan gaya musu.